Yaya sinadarin mata ke mayar da ƙwaƙwalwar ɓera ta namiji?

"Dakta, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen nazarin aikin gaɓoɓin jiki a nan Jos, kuma da fararen ɓeraye zan yi binciken kammala karatuna. A aji an ce mana istrojin, wanda tun muna sakandare muka san shi da sinadarin mata, shi ne ke sa ƙwaƙwalwar ɗan ɓera ta zama ta namiji. Na haddace saboda jarrabawa, amma hankalina bai kama ba. In haka ne, me ya hana 'ya'ya mata su ma su koma maza, tunda cikin uwarsu cike yake da istrojin? Mu mutane ma haka abin yake? Sannan ana ta ba ni shawara in sayi maza zalla, wai mata suna rikita sakamako. Da gaske ne?"
Wata ɗaliba, Jos

Barka kadai, ƙanwata. Malaminku bai faɗi ba daidai ba. A ɓera, istrojin ne ke yin mafi yawan aikin da ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗauki tsarin namiji, kuma daidai ne hankalinki ya tsaya a wurin, domin waɗanda suka gano abin ma sai da suka jima suna juya shi kafin su yarda. In na fahimce ki, abu uku kike nema: yadda hakan ke faruwa ba tare da ya shafi 'ya'ya mata ba, ko ɗan Adam ma haka yake, da kuma batun sayen maza zalla. Na farkon ne zai ci mana lokaci. In ya zauna, sauran biyun ba su da wuya.

Ki fara ajiye rabon nan da aka koya mana, wai testostaron na maza, istrojin na mata. Kowane jinsi yana da duka biyun. Hasali ma jiki ba ya iya haɗa istrojin sai ya fara haɗa testostaron ko danginsa, sannan ya sauya shi. Abin da ya raba namiji da mace shi ne yawan sinadarin, da inda ya isa, da lokacin da ya isa. A maganarmu ta yau lokacin ne kan gaba.

Daga ina maganar ta taso

A 1936 wani mai bincike a Amurka, Carroll Pfeiffer, ya dasa wa jariran ɓeraye mata marainan maza. Da suka girma sai ya tarar ba sa sakin ƙwai. Ya kuma juya gwajin: ya fiɗiye jarirai maza da zarar an haife su, daga baya ya dasa musu ma'ajiyar ƙwai ta mace, sai ga ta tana sakin ƙwai a jikin namiji. Namijin da aka bar masa marainansa a kwanakin farko kuwa, ko an dasa masa ma'ajiyar ba ta saki. Ke nan akwai abin da maraina ke yi a farkon rayuwa wanda ba ya gogewa. Pfeiffer ya ɗora abin a kan fituwitari, ɗan ƙullin nan da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana aika wa ma'ajiyar ƙwai umarni. Zatonsa na da ma'ana, amma a 1952 Geoffrey Harris da Dora Jacobsohn suka cire wa mata nasu fituwitarin suka dasa musu na maza a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, matan suka koma zagayensu yadda suka saba. Ashe fituwitari ba ruwansa da jinsi. Bambancin yana sama da shi, a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas.

Aikin da kowa ke kafa hujja da shi ya fito a 1959 daga Jami'ar Kansas, na Phoenix da Goy da Gerall da Young. Ki lura, da ɓerayen Masar suka yi shi, ba irin fararen da za ki saya ba. Sun yi wa masu ciki allurar testostaron. 'Ya'ya matan da aka haifa, bayan sun girma, ko an ba su sinadaran da ke sa mace neman barbara ba sa lanƙwasa baya sosai su tsaya wa namiji, kuma in aka ba su testostaron sai su riƙa hawan wasu. Manyan matan da aka yi wa irin wannan allura kuwa, da maganin ya bar jikinsu suka koma yadda suke. Daga nan aka raba aikin homon, wato irin waɗannan sinadarai da jini ke kai saƙonsu, gida biyu. Akwai aikin shimfiɗawa, wanda ake yi sau ɗaya a farkon rayuwa ya zauna daram, akwai kuma aikin tayarwa, wanda ke zuwa bayan balaga yana tafiya yana dawowa. Kamar wayar wuta ce da ake binnewa a bango lokacin gini: ranar da aka kawo wuta, ɗakin da aka ja wa waya shi zai yi haske, wanda ba a ja wa ba ko an ƙara ƙarfin wutar ba zai kama ba.

Dalilin da ya sa aka koma kan ɓera shi ne ana haihuwarsa bai gama nuna ba. Cikinsa kwana 21 zuwa 23 ne, ya fito tsirara, idonsa ba ya buɗewa sai wajen mako biyu. Marainan ɗan tayi namiji suna kwararo testostaron mai yawa a wajen kwana na 18 da na 19 na ciki, su sake kwararowa cikin sa'o'in farko bayan haihuwa. Ƙwaƙwalwa kuma tana nan a buɗe ga wannan saƙo har zuwa wajen kwana na 10. Saboda haka mai bincike na iya ɗaukar jariri a tafin hannu ya yi masa allura kai tsaye, ba sai ya bi ta jikin uwa ba. Haka Charles Barraclough ya yi a 1961. Allura ɗaya tak ta testostaron ga 'yar kwana 5 ta hana ta sakin ƙwai har abada. Wadda aka yi wa tana da kwana 20 ba ta sami wannan illa ba.

Inda istrojin ya shigo

Masu bincike sun so su nuna cewa testostaron ne kaɗai ke iya wannan, sai suka yi wa wasu jarirai mata allurar estradayol, wato istrojin mafi ƙarfi a jiki, don kwatantawa. Sai ga shi ya yi abin da testostaron ya yi, da ɗan kaɗan ma. Suka gwada wani sinadarin maza mai ƙarfi da ake kira DHT, wanda jiki ba ya iya sauya shi ya koma istrojin, shi kuma ya kasa. Amsa ta fito a farkon shekarun 1970, lokacin da Frederick Naftolin da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwaƙwalwa da kanta tana ɗauke da enzayim mai suna aromatas, wanda aikinsa shi ne sauya testostaron ya koma estradayol. Ga yadda abin ke tafiya: maraina su saki testostaron, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, ya shiga ƙwayoyin jijiya, a can ciki a sauya shi, estradayol ɗin da aka samu ya hau kan makarɓansa ya canza irin ƙwayoyin gadon da za su yi aiki. In kika ba jariri namiji maganin da ke toshe aromatas, testostaron na nan a jininsa, al'aurarsa ta namiji ce, amma in ya girma aka ba shi sinadaran mata zai lanƙwasa baya irin na mace.

To, sai tambayarki ta ainihi: uwa fa, da nata istrojin ɗin? Gaskiya ne yana ƙetarawa ta mabiyiya ya isa ga kowane ɗan tayi, namiji da mace. Abin da ke tsare su wani furotin ne mai suna alfa-fitofurotin, wanda hantar ɗan tayi ke haɗawa da yawan gaske. Yana yawo a jini, duk estradayol ɗin da ya tarar sai ya kama shi ya riƙe, ya hana shi shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Testostaron kuwa furotin ɗin ba ya kama shi. Saboda haka na namiji sai ya wuce salin alin, sai ya shiga ciki sannan ya rikiɗa, inda furotin ɗin ba zai iya cim masa ba. Ita macen, ma'ajiyar ƙwanta shiru take a makon farko, ba ta da testostaron mai yawa da za a sauya, na uwa kuma an tsare shi a jini. Duk sanda na zo wannan gaɓa a aji nakan ɗan dakata, domin ban san wani tsari a jikin dabba da ya fi wannan nuna ikon Allah a fili ba: sinadari ɗaya, an hana shi shiga ta wata hanya, an buɗe masa wata, kuma da wannan kaɗai aka raba jinsi biyu da suka kwana a mahaifa ɗaya.

An daɗe ana gardama a kan ko tsarewa furotin ɗin ke yi ko kai saƙo. A 2006 Julie Bakker da abokan aikinta a Beljiyam suka yi gwaji a kan ƙananan ɓerayen nan da ake kira kusu, waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon da ke haɗa furotin ɗin. Matansu suka tashi ba sa tsaya wa namiji yadda ya kamata, suna hawan wasu, ba sa haihuwa. Da aka ba uwayen maganin toshe aromatas lokacin goyon ciki, sai 'ya'yan suka fito da halinsu na mata. Wannan ya nuna tsarewa yake yi. Shi ya sa kuma allurar estradayol mai yawa ke aiki a kan jaririya, don ta fi ƙarfin furotin ɗin. Wasu nau'o'in istrojin da ake haɗawa a masana'anta, irin su DES, furotin ɗin ba ya riƙe su sosai, sai su shige. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani in mun zo batun abinci.

Me sinadarin ke yi in ya shiga

A nan ne littattafan aji suke taƙaitawa har su ɓatar da mutum, su sa ya zaci akwai wani makunni ɗaya da ake murɗawa ƙwaƙwalwa duka ta zama ta namiji. Ba haka ba ne. Kowane sashe da hanyarsa.

A 1978 Roger Gorski a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya bayyana wani dunƙulen ƙwayoyin jijiya a gaban haifotalamas, wanda aka fi sani da SDN-POA. A namiji ya ninka na mace sau da yawa, har in aka yanka ƙwaƙwalwar siriri aka rina ta, mai ido yana iya bambance jinsin ba tare da madubin ƙara girma ba. Abin lura shi ne ba ƙarin ƙwayoyi ake haifa wa namiji ba. Dukansu suna farawa da kusan adadi ɗaya, sai na macen su yi ta mutuwa a kwanakin farko, estradayol kuma ya ceci na namijin. Kusa da wurin, ba nisa, akwai wani dunƙulen, AVPV, inda abin ya juye. A can estradayol kashe ƙwayoyin yake yi, don haka mace ta fi namiji yawansu. A cikinsu ne ake samun ƙwayoyin da ke haɗa wani sinadari mai suna kisfeftin, waɗanda ke tayar da ambaliyar homon LH da ke sa ƙwai ya fita duk bayan kwana 4 ko 5. Kin ga amsar gwajin Pfeiffer da na Barraclough ke nan. Jaririyar da aka yi wa allura, ma'ajiyar ƙwanta lafiya lau take, ƙwayoyin da za su ba da umarnin ne aka hallaka tun tana tsumma.

Ina so ki yi hattara da wani abu game da SDN-POA. Girman bambancinsa ya sa an zaci shi ne cibiyar barbarar namiji. Da aka lalata shi shi kaɗai a manyan ɓeraye, canjin da aka gani kaɗan ne, a wasu gwaje-gwajen ma ba a ga komai ba. Sai an lalata dukan yankin da ke kewaye da shi ne namiji ke daina hawa. Ganin wuri ya fi girma a wani jinsi bai gaya miki aikinsa ba, kuma wannan darasi zai bi ki duk inda kika ga hoton ƙwaƙwalwa ana cewa ga ta maza ga ta mata.

Abin da ya fi kusa da halin barbara shi ne yawan mahaɗa tsakanin ƙwayoyin jijiya na yankin, kuma a nan aikin Margaret McCarthy ta Jami'ar Maryland ya buɗe ido. A 2004 ita da Stuart Amateau suka nuna cewa estradayol yana sa a haɗa furostagilandin E2, sinadarin da muka fi sani da zazzaɓi da kumburi, shi ne kuma ke ninka mahaɗan a namiji. Suka zuba wa jarirai mata shi a ƙwaƙwalwa ba tare da wani homon ba, da suka girma aka ba su testostaron suka yi ta hawa kamar maza. Maza kuma da aka ba indometasin, maganin da ke hana haɗa shi, suka tashi ba su da kuzarin barbara. Daga baya, a 2013, ɗakin bincikenta ya nuna cewa ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, maikurogiliya, da hannunsu a aikin: in aka kwantar da su a kwanakin farko, estradayol ba ya iya kammala shi. Wani abu kuma da gwajin furostagilandin ya fito da shi: matan nan da suka koyi hawa ba su rasa lanƙwasa baya ba. Ke nan gina halin namiji daban, rushe halin mace daban, kowanne da tasa hanyar, kuma dabba ɗaya na iya ɗaukar duka biyun.

Ba ko'ina ne istrojin ke aiki ba. A ƙasan lakar baya akwai ƙwayoyin jijiya masu sarrafa tsokokin azzakari, waɗanda Marc Breedlove da Arthur Arnold suka bayyana a 1980. Namiji na da kusan 200, mace ba ta fi kashi ɗaya cikin uku na haka ba, kuma sinadarin maza ne da kansa ke ceton su, ta hanyar raya tsokar da suke haɗe da ita. Kokawar wasa ma, wadda 'yan maza suka fi 'yan mata yi bayan yaye, tana da tata hanyar a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala.

Kada kuma ki ɗauki maganar nan da ake yi wai ƙwaƙwalwar mace ita ce abin da ke saura in ba a yi komai ba. An nuna a 2015 cewa a jaririya akwai enzayim da ke aiki tuƙuru suna rufe ƙwayoyin gadon halin namiji, in aka hana su sai halin ya ɓullo ko da lokacin ya wuce. A ƙananan ɓerayen nan, kusu, kuma an ga cewa mace na bukatar nata estradayol ɗin kafin balaga don halinta ya cika. Balaga kanta wani zagayen gini ne na biyu. Sannan kuromosom ɗin X da Y suna da nasu tasirin a wasu halaye wanda bai bi ta maraina ko ma'ajiyar ƙwai ba.

Uwa, maƙwabta da damuwa

Homon ba ya aiki shi kaɗai a kango. Celia Moore ta lura cewa uwar ɓera ta fi lasar gindin 'ya'yanta maza fiye da mata, warin fitsarinsu ne ke jan ta, warin kuma testostaron ne ya jawo shi. Mazan da aka rage musu wannan lasa sun tashi da nawa wajen barbara. Wato wani ɓangare na aikin sinadarin ta harshen uwa yake bi. A 1972 Ingeborg Ward ta takura wa ɓeraye masu ciki a makon ƙarshe, tana tsare su a wuri matsattse ƙarƙashin haske mai ƙarfi, 'ya'yansu maza suka tashi da raunin hawa da ƙarin lanƙwasa baya, daga baya aka gano cewa damuwar ta gurɓata kwararar testostaron ta kwana na 18 da na 19. Hatta wurin kwanciya a mahaifa na da tasiri, domin testostaron na 'yan'uwa maza yana ɗan tsallakawa ga macen da ke kusa da su. Wanda ya yi karatun likitan dabbobi a Vom zai tuna miki da makamancin wannan a shanu: in saniya ta haifi tagwaye namiji da mace, galibi macen juya ce, saboda jininsu ya gauraya a ciki. Frank Lillie ya yi bayanin wannan tun 1916, ko da yake a can gaɓoɓin haihuwa abin ya fi shafa.

Mu mutane fa?

Ginshiƙin maganar yana nan: marainan ɗan tayi namiji suna fara sakin testostaron daga wajen mako na 8 na ciki, ya yi ƙarfi kafin tsakiyar goyon ciki, ya sake tashi a watannin farko bayan haihuwa. Amma hanyar istrojin da na yi miki bayani ta ɓera ce. Alfa-fitofurotin ɗin mutum ba ya kama estradayol yadda na ɓera ke yi. Akwai masu kuromosom XY waɗanda jikinsu ba ya jin sinadarin maza sam, alhali suna da testostaron kuma suna iya sauya shi zuwa istrojin. Da tsarin ɓera muke bi da sun tashi da halin maza, amma a matsayin mata suke tashi. Akwai kuma maza ƙalilan da aka haifa ba su da aromatas, suka girma a matsayin maza. Hujjojin biyu suna nuna cewa a mutum sinadarin maza ne da kansa ke yin aikin. Ko ambaliyar LH ma, wadda ta raba jinsin ɓera gida biyu, ba haka take a birai ba: a 1986 an dasa wa birai maza da aka fiɗiye ma'ajiyar ƙwai, ta riƙa zagayenta na wata-wata.

Abin da aka fi tabbatarwa a mutum ya zo daga 'yan matan da aka haifa da ciwon CAH, inda ƙullin da ke saman ƙoda ke sakin sinadarin maza fiye da kima tun a ciki. In aka ɗauke su a dunƙule, sun fi sauran 'yan mata son wasannin da maza suka fi so, amma mafi yawansu suna girma a matsayin mata. Tasiri ne na gaske, sai dai bai kai ko kusa da na ɓera ba, kuma ya cakuɗe da tarbiyya da harshe da addini da al'ada, abubuwan da ɓera ba shi da su. Ina roƙonki kada ki ɗauki sakamakon keji ki yanke wa wani mutum hukunci da shi, ko ki ce wance tana da hali kaza don homon ya yi mata yawa a ciki. Binciken bai ba mu wannan izini ba.

Ni ba likitar yara ba ce, aikina a ɗakin gwaji yake, amma akwai abu ɗaya da ba zan wuce shi ba. In aka haifi jariri aka kasa tantance ko namiji ne ko mace, wanda ake ce wa mata-maza, kada a ɓoye shi a ɗaki saboda kunya. Wani nau'in CAH yana sa jariri zubar da gishirin jikinsa cikin makonnin farko, yana kisa, kuma yana da magani. A garzaya da shi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, kafin ma a yi maganar suna.

Batun sayen maza zalla

Shawarar da ake ba ki tsohuwa ce, kuma ba a Jos aka fara ta ba. A 2011 Annaliese Beery da Irving Zucker suka ƙirga, suka tarar a binciken ƙwaƙwalwa ayyukan da aka yi da maza kaɗai sun ninka waɗanda aka yi da mata kaɗai fiye da sau biyar. Hujjar ita ce zagayen mace na kwana 4 ko 5 zai sa sakamako ya warwatse. A 2016 Jill Becker da abokan aikinta suka tattara ɗimbin bincike a kan ɓeraye suka gwada zargin, suka tarar mata ba su fi maza warwatsewa ba. Maza ma suna da nasu: a keji ɗaya akwai babba akwai na ƙasa, kuma testostaron ɗinsu ba ɗaya ba ne. Daga wannan shekara ce hukumar NIH ta Amurka, mai ba da kuɗin binciken lafiya, ta fara neman duk mai son kuɗin bincike ya yi la'akari da jinsi ko ya kawo dalilin rashin yi.

Ra'ayina shi ne, in tambayarki a kan maniyyi ce ko maraina, sayi maza, ba wanda zai ce miki don me. In kuwa a kan wani ganye ne ko magani da mata ma za su sha, irin na ciwon suga ko hawan jini ko mantuwa, to barin mata gibi ne a aikinki. Na san kuɗin ɗalibi. Ba sai kin ninka adadin ba, ki raba kowane rukuni rabi maza rabi mata, ki rubuta sakamakon kowane jinsi daban kafin ki haɗa. Ki kai wa malamin da ke duba aikinki wannan tsari da ladabi, tare da hujjojin nan, domin shi ke da ta cewa, kuma kada ki taɓa dabba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince.

A wajen aiki, abubuwan da na ga sun fi ɓata sakamako ba zagayen mata ba ne. Na farko abinci. Da yawa daga ɗalibanmu abincin kaji suke ba ɓeraye don shi ne a kusa, kuma galibi da waken suya a ciki, wanda ke ɗauke da sinadaran da ke kwaikwayon istrojin. In kina nazarin homon, ki san abin da ke cikin buhun, kuma kada ki canza iri a tsakiyar gwaji. Gorar ruwa ta gilashi ta fi tsohuwar roba da ta ƙoƙe. Sai sanyin Jos: jaririn ɓera ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, in kika raba shi da uwa a sanyin Disamba ba tare da abin ɗumama shi ba, kin saka masa damuwar da za ta shiga sakamakonki. Haske ma haka, awa 12 a kunne awa 12 a kashe, don agogon jiki ne ke sa lokacin ambaliyar LH, ɗakin da fitila ke kwana a kunne kuwa mata sukan daina zagaye. In kina son tantance jinsin jarirai, ki duba tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura, ta namiji kusan ninki biyu ce, kuma ki raba su keji-keji bayan yaye a kwana na 21, kada ki bari su balaga tare. Sanin inda mace take a zagayenta ba wuya: ɗigon ruwan gishiri a farji kowace safiya a lokaci ɗaya, a ɗora a gilashi a duba ƙwayoyin a madubi.

In kuma uwa mai ciki za ki ba magani ki auna 'ya'yanta, ki sani cewa 'ya'ya goma na uwa ɗaya ba dabbobi goma ba ne a lissafi. Mahaifa ɗaya suka kwana, nono ɗaya suka sha, harshe ɗaya ya lashe su. Adadin uwaye shi ne adadin samfurinki. Ki ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace haihuwa, ko ki fitar da matsakaicin kowace haihuwa ki yi lissafi da shi, kuma ki tsara yawan uwayen da za ki saya da wannan a zuciya tun kafin ki je wurin mai sayarwa.